Kawu Mai Tara Takardun Zamanin Yaƙi

Kawu ya koma ga Wanda ya aiko shi ranar wata Talata da hantsi, a kan tabarmarsa, fuskarsa na kallon adakokinsa guda uku. Mu ma muna tafe, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ni 'yar ƙanwarsa ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa tun ina rarrafe har na fara furfura bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata. Na zauna rubutun nan ne don kada a manta da shi, amma ba zan ɓoye muku ba, da kunya nake yinsa, kuma kunyar ta gidanmu ce gaba ɗaya.

Tabarmi muka shimfiɗa daidai dangi da maƙwabta. A ganinmu wa zai zo gaisuwar tsohon mai sayar da sukari da ganyen shayi? Kafin la'asar sai da aka aro na masallaci. Abokan kasuwarsa suka zo, wannan mun sa rai. Amma ga wani tsohon mahauci daga unguwar Farsha, ga wani tsohon soja mai ƙafa ɗaya da sandunansa, ga Larabawa masu shanu da ba mu taɓa gani ba. Kowa ya shafa fatiha sai ya ce, "Allah ya jiƙan Abu Katkat." Katkat takarda ce da Larabcin garinmu, Njamena, sunan na nufin Mai Takarda ke nan. Sunan tsokana ne da aka laƙa masa a kasuwa, mu kuwa mun tsane shi, don duk inda aka faɗe shi dariya ce ke biyo baya. Ranar babu wanda ya yi dariya sai mahaucin, shi ma yana yi yana share ido da bakin rawaninsa. Ya ce, "Mutumin nan ya taɓa sayen nama a wurina, ya kwance ƙunshin, ya miƙo mini namana, ya tafi da takardar."

Cikin mata akwai wata tsohuwa 'yar kudu, daga unguwar Chagoua, da ɗan gicciye a wuyanta. Ta zauna can gefen tabarma, ta ƙi matsowa. Ni na san ta, ko da yake ba mu taɓa doguwar magana ba. Da za ta tafi ta kama hannuna, ta ce da Larabci, "Binti, 'yata, yau ba ranar tambaya ba ce. In an yi bakwai zan dawo saboda takardata. Tana nan ko?"

Na ce, "Tana nan, Mama. Kada ki damu."

A ranar gaskiya na faɗa mata.

Bari in koma baya, don wanda bai san Kawu ba ya san abin da ake magana a kai. Lokacin da 'yan tawaye daga daji suka shigo Njamena suka kafa gwamnatinsu ta juyin juya hali, ni ƙarama ce, ƙarar bindiga kawai nake tunawa da kwalekwalen da ya tsallakar da mu Kuseri, garin da ke hayin kogi. Manya sun ce a lokacin kowane ɓangare da hatiminsa, kowane shinge da mai sa hannu. Ba ka fita unguwa sai da takardar wucewa, ba ka tsallaka kogi sai da ita. Da ƙura ta lafa aka dawo, ofisoshi duk an fasa, takardunsu suka watsu cikin kasuwa. Da su ake ƙunshe gyaɗa da ƙosai da nama. Kawu ma buhu guda ya saya don ƙunshe sukari. Ya ce wata rana ya naɗe wa wata mata sukari, har ya miƙa mata, sai idonsa ya faɗa kan sa hannu da hatimi, ga sunan wani mutum da aka ba umarnin a karɓe masa shanu. Ya karɓe ƙunshin daga hannun matar, ya juye mata sukarin a gefen mayafinta. Ta zage shi tas. Daga ranar bai sake ƙunshe komai da takarda mai sa hannu ba.

Abin ya zama masa kamar ciwo. In ya ga yarinya da ƙunshin gyaɗa sai ya tsayar da ita ya leƙa. Ya bi masu ƙosai yana ba su takarda fara sabuwa suna ba shi tsofaffi masu maiƙo. Takardun naɗa sarkin kasuwa, na karɓe motoci, na sakin fursuna, na izinin binne gawa, duk wadda ke da sa hannun mutanen wancan zamani yana so. Ba ruwansa da ko wane ɓangare ne. Wadda ba a sa wa hannu ba kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Ya kan ce, "Mutum zai rantse bai faɗa ba, Uwata. To wannan fa, hannun wa ya rubuta?"

Ku ga Kawu ranar da damina ta ɗauke. Zai share tsakar gida da kansa, ya shimfiɗa zannuwan Inna, wato matarsa, ya jera takardu a rana, kowace da ɗan dutse a kanta. Zai wanke hannu kamar mai shirin cin tuwo. Wadda ta yamutse ya rufa mata ƙyalle ya bi da dutsen guga na gawayi a hankali. Sannan ya mayar da su adaka, yana sa busasshen ganyen darbejiya a tsakani saboda gara. Ranar ba mai ɗora tukunya, ba yaron da ke gudu, kaji ma a kulle suke wuni. Inna ta kan tsaya bakin ɗakinta ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, ni dai ban ga ranar da ka goge mini zane ko ɗaya ba." Shi kuma ko a jikinsa.

Mu yara muna dariya, da muka girma muka koma jin nauyi. In baƙi suka zo sai mu ja ƙofar ɗakin. Na taɓa ce masa, don ni bakina ba ya shiru, "Kawu, mutane na tara filaye, kai kana tara abin da aka ci ƙosai a ciki." Bai ji haushi ba. Ya ce in zauna. Ya ce kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin nan, ya zauna, ya yi aure, ya mutu bai ga Ka'aba ba. "Nuna mini abu ɗaya da ya ce mutumin nan ya taɓa taka ƙasa. Babu. In ni da uwarki muka mutu, shi ke nan, an gama da shi." Na ce ai mu muna nan. Ya ce, "Ke kin san sunan ubansa?" Ban kuwa sani ba.

Rigima ɗaya na san ya yi wadda ta girgiza gidan. Wani babban mutum ya zo da mota mai baƙin gilashi, da farar riga da doguwar carbi. A zamanin yaƙi shi ke riƙe da wani shinge, kuma labari ya kai masa cewa akwai takardu masu sa hannunsa a wurin Kawu. Kawu ya shimfiɗa masa darduma, ya dafa shayi da kansa, na fari da na biyu da na uku. Mutumin ya nemi a ba shi takardunsa, da lallashi da farko, daga baya murya ta canza. Muna jin su ta bayan zana. Kawu ya ce, "Alhaji, ban kai ka ƙara ko'ina ba, ban nuna wa kowa don in ci mutuncinka ba. Amma takardar ba taka kaɗai ba ce. Akwai sunan wani a samanta, naka a ƙasa yake." Mutumin ya tashi bai yi sallama ba.

Babban ɗan Kawu, taubashina, wanda muka tashi muna tsokanar juna, ranar ya ɗaga wa ubansa murya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Baba, so kake a zo a kwashe mu saboda shara?" Kawu ya dube shi ya ce, "In sun zo ka ce tawa ce." Sun daɗe ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Ba wanda ya zo, amma tsoron bai bar taubashina ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Yana da mata da 'ya'ya a gidan.

Ita kuwa tsohuwar Chagoua, ga yadda suka haɗu. Cikin takardun akwai ta wucewa da aka ba wani tela, shi da matarsa da 'ya'ya biyu, su tsallaka kogi. A sama an rubuta Bismillah da Larabci, kamar yadda aka yi wa yawancinsu, ƙasa kuma Faransanci, sai sa hannun mai shingen, sai dangwalen babban yatsan telan da shuɗin tawada. An rubuta unguwarsa. Kawu ya rufe rumfarsa ya shiga Chagoua yana tambaya gida gida, ana yi masa kallon mahaukaci, har ya samu matar. Ashe telan ya tsallakar da su lafiya, ya koma ɗauko keken ɗinkinsa, bai sake dawowa ba. Ba gawa, ba kabari, ba hoto, don gidansu ya ƙone. Kawu ya miƙa mata takardar. Ta riƙe ta daɗe, sannan ta mayar masa. Ta ce ɗakinta na ƙasa ne, duk damina ruwa sai ya shiga har gwiwa, a wurinsa za ta fi zama lafiya.

Tun daga nan duk shekara take zuwa. Kawu zai sa a ba ta kujera a inuwa, ya wanke hannu, ya fito da takardar a kan faranti. Ba ta iya karatu ba. Ɗora babban yatsanta kawai take yi a kan na mijin, ta sha shayi, ta tafi. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, har tsokanar Inna muke yi cewa budurwar Kawu ta zo. Bayanta wasu ma suka riƙa kawo nasu ajiya, irin su sojan nan mai ƙafa ɗaya, don an san a wurin Kawu gara ba ta ci, ruwa ba ya taɓawa.

Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya da kunu. Ba kowa a ɗakin sai ni da shi. Ya nuna adakokin da haɓa ya ce, "Uwata, waɗannan suna hannunki. Ke ce mai baki a gidan nan, ba wanda zai ture ki. Ba duka ne nawa ba. Mai abu in ya zo ki ba shi abinsa." Na ce, "Kawu, daina wannan magana, kai za ka ba su da hannunka." Ya ce, "Na dai faɗa miki." Na amsa da to.

To ga inda abin ya lalace. Da ya rasu ban gaya wa kowa wannan magana ba. Ku da kuka san gidajenmu kun san dalili. Mutum ko kwana uku bai yi a ƙasa ba, 'yar ƙanwa, wadda ko gado ba ta da shi, ta buɗe baki ta ce a ba ta adakokin mamaci? Har in mutu ana nuna ni da baki. Na ce a raina bari a yi bakwai, hankali ya kwanta, in samu taubashina mu yi magana a tsanake. Ni da aka zaɓa saboda bakina, sai na zaɓi kawaici.

Ana gobe sadakar uku aka aike ni Farsha sayen nama, don ni na iya ciniki da mahauta. A bayana dangi suka iso daga Kuseri, ana neman inda za su kwana, aka ce a share ɗakin Kawu. Da aka fito da adakokin Inna ta sa aka buɗe. Ita duk zamansu ba ta taɓa leƙawa ba, don ya hana. Ta ɗaga takarda ta farko, ga sunan Allah a sama, ga tabon man nama ya ratsa ta kansa. Ta ɗaga ta biyu haka, ta uku har da sawun takalmi. Ta ce, "Wayyo Malam, da wannan za ka je gaban Ubangiji?"

Taubashina ya tafi wurin liman. Abin da ya tambaya shi ne, an samu tsofaffin takardu masu sunan Allah, sun yi datti, mai su ya rasu, yaya za a yi da su don kada su wulaƙanta? Liman ya ba shi amsar da kowane malami zai bayar: a ƙona su a wuri mai tsarki, a binne tokar inda ba a takawa. Ba wanda ya ce masa ajiyar mutane ce. Inna ba ta ɗauki zuwan tsohuwar a bakin komai ba, a ganinta kallo kawai take zuwa yi. Taubashina kuwa, na san har da tsohon tsoronsa a ciki, ko da bai faɗa ba.

Ba su yi abin da wulaƙanci ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Sun share wuri a bayan gida. Sun yi alwala. Inna ta fito da sabuwar tukunya ginin ƙauyen Gawi da take ajiya ba ta taɓa sa wa ruwa ba, aka zuba tokar a ciki, aka rufe da farin ƙyalle, aka haƙa rami a gindin darbejiya. Liman da kansa ya zo ya yi addu'a.

Na sauka daga kan babur da nama a buhu, na ji ƙaurin takarda tun daga ƙofar gida. Na tarar da adakokin a jingine da bango, a buɗe, an wanke su ana shanyawa. Inna ta tare ni, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin ya kwanta. Ta ce, "'Yar nan, mun sauke wa kawunki nauyi. Yau zan yi barci." Na buɗe baki, na dubi tsohuwar nan mai takaba, na rufe. Me zan ce mata?

Taubashina na ja gefe. A nan kam na yi masifa, da ƙaramar murya saboda baƙi, amma na yi. Na gaya masa wasiyyar, na gaya masa na masu ajiya. Ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Don me ba ki faɗa ba?"

Na ce, "Ranar da aka binne ubanka zan ce a ba ni adaka? Kai da kanka me za ka kira ni?"

Ya san abin da zai kira ni. Can ya ce, "In matar ta zo ki ce mata an kai su wani ofis ajiya. Tsohuwa ce, ba za ta bi ba."

Wallahi na yi tunanin hakan. Kwanakin nan ina raba sadaka, ina amsa gaisuwa, ina jujjuya ƙaryar a bakina in ji ko za ta faɗu. Duk wanda ya ce mini, "Kawunku mutum ne mai amana," sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegarin bakwai ta zo da hantsi. Ta yi ado, kuma a hannunta akwai sabuwar jakar roba mai haske, irin wadda ake sa takardun makaranta. Na ba ta kujera a inuwa. Ta ce ɗanta ya gina mata ɗakin siminti, ruwa ba ya shiga yanzu. Ta ce tunda mai ajiyar ya tafi, gara ta ɗauke mana nauyi, ta kai mijinta gida.

Na durƙusa a gabanta. Ƙaryar tana kan harshena, amma ta ƙi fita. Na ce, "Mama, takardarki babu ita. Mun ƙona."

Ta dube ni. Ta dubi jakar. Ta ce, "Duka?"

"Duka, Mama."

Na jira zagi, har na sunkuyar da kai don in karɓa.

Ta ce, "A bola kuka zubar?"

Na ce a'a. Na gaya mata yadda aka yi, da sabuwar tukunya, da farin ƙyalle, da ramin. Ina faɗa ina jin kaina kamar ɓarawon da ke bayanin yadda ya ninke kayan da ya sata.

"An yi addu'a?"

"Liman ya yi."

"Nuna mini wurin."

Na kai ta bayan gida. Ƙasar ba ta gama bushewa ba. Ta cire takalmanta, ta durƙusa da ƙyar tana dafa kafaɗata, ta shimfiɗa tafin hannunta a kan wurin. Ta kira sunan mijinta sau ɗaya, kamar mai kiran wanda ke ɗaki na kusa. Sannan ta yi addu'a da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba. Inna ta leƙo, ta ga abin da ke faruwa, ta gane, ta toshe baki da mayafi ta koma ciki.

Da na ɗaga ta, ta karkaɗe gwiwoyinta ta ce, "Tun da ya tafi ban san inda zan tsaya in gaishe shi ba. Kowa yana da inda yake zuwa, ni babu. Yanzu an sa shi a farin ƙyalle, an yi masa addu'a." Ta riƙe hannuna biyu. "Na gode, binti."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na tsaya hawaye na zuba, ita ce ma ke ba ni haƙuri. Ta tambaya ko za mu bar ta ta riƙa zuwa. Gidan ba nawa ba ne, amma na ce ko da yaushe, kuma taubashina da ke tsaye bakin zaure kansa a ƙasa ya ce, "Gidanki ne, Mama." Ta naɗe jakar robar ba komai a ciki, ta sa a hammata, na raka ta har titi ban iya kallon fuskarta ba.

Sauran masu ajiya suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ni ke fita in gaya musu. Ba duka ne suka gode ba. Sojan ya tofar da yawu a ƙofar gidan ya juya, kuma yana da gaskiya.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya riƙe wa mutane abin da ba wanda ya ɗora masa, ya riƙe har ƙarshen numfashinsa, a hannunmu ne ya zube. Kada ka tambaye shi abin da muka yi. Ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya masa ƙasa, ka sa ya tarar da kakanmu ya isa inda ya nufa. Mu kuma da muka rage, ka rufa mana asiri ranar da za mu haɗa ido da Kawu.

Tsohuwar ta ce za ta dawo in damina ta ɗauke. Na hana a ɗaure awaki a gindin darbejiyar, kuma duk Juma'a nakan biya gidan da tsintsiyata in share wurin.